Ina Aikin Karɓo Bashi a Kamfanin Manhajar Rance, Mene ne Hukuncin Aikina?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ni matashi ne, wata bakwai ke nan ina aiki a wani kamfani da ke ba da rance ta manhajar waya. Aikina karɓo bashi. Duk wanda wa'adinsa ya wuce, ana buɗe mini lambobin da ke cikin wayarsa gaba ɗaya, in kira su ko in tura musu saƙo cewa wane ɗan damfara ne, ya gudu da kuɗin kamfani. Wani lokaci har da hotonsa muke haɗawa. Da na nuna damuwa, sai oganmu ya ce ai mutumin da kansa ya danna "na yarda" ranar da ya sauke manhajar, kuma wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Wani abokin aikina Musulmi ma ya ce akwai hadisin da ya halatta mutuncin mai taurin bashi. Malam, raina bai kwanta ba, amma da albashin nan nake ciyar da mahaifiyata da ƙannena. Ina mafita?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka tambaya. Rashin kwanciyar ran nan da kake ji alheri ne, kada ka bari a kashe maka shi. Aikin da ka siffanta haramun ne, ta fuska fiye da ɗaya, kuma danna "na yarda" da mai bashin ya yi bai sauya hukuncin ba ko kaɗan.

Bari in fara da hujjar ogan naka, domin ita ce kamfanoni manya da ƙanana ke fakewa da ita a yau. Gaskiya ne Musulunci ya girmama sharaɗi. A hadisin da Tirmizi ya ruwaito, Annabi (SAW) ya ce Musulmi suna kan sharuɗɗansu, amma bai tsaya nan ba, sai ya ce sai dai sharaɗin da ya haramta halal ko ya halatta haram. A ƙissar wata baiwa mai suna Barira kuma, wadda Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Nana A'isha, masu baiwar sun amince su sayar da ita amma suka kafa sharaɗin da ya saɓa wa shari'a. Manzon Allah (SAW) ya miƙe cikin mutane ya yi huɗuba, ya ce duk sharaɗin da ba ya cikin Littafin Allah ɓatacce ne, ko da sharaɗi ɗari ne. To ka ga yawan shafukan yarjejeniya da ƙanƙantar rubutunta ba su ƙara mata ƙarfi a wurin Allah. Mutum ba shi da ikon ya sa hannu a kan cewa a yi masa ƙarya, ko a kira shi ɓarawo alhali ba sata ya yi ba.

Sannan ka tambayi kanka, me mutumin nan ya yarda da shi a haƙiƙa? Magidanci ne da ɗansa ke kwance a asibiti, ko mace ce da kuɗin makarantar yara ya taso mata. Wayar ta nuna masa rubutun Turanci yana neman izinin ganin lambobi, ya danna don ya wuce gaba. Yardar da shari'a ta sani ita ce wadda ke tare da sanin abin da aka yarda da shi, shi ya sa aka hana cinikin da ke da ruɗu da jahilci a cikinsa. Da an rubuta masa da Hausa ɓaro-ɓaro cewa idan ka yi jinkirin kwana uku za mu kira surukarka da limamin unguwarku mu ce musu kai ɗan damfara ne, mutum nawa ne za su danna?

Amma mu ɗauka ya sani, ya kuma yarda da zuciya ɗaya. Nan ne hujjar ta rushe gaba ɗaya, domin lambobin da ke wayarsa ba nasa ba ne. Na mutane ne da suka ba shi bisa amana, don zumunci ko kasuwanci ko maƙwabtaka. Ka tuna allon kwamfutarka yayin da aka buɗe maka wayar wani: ga "Mama", ga "Yaya Babba", ga "Malamin Islamiyya", ga "Mai Shago". Wanene a cikinsu ya danna "na yarda"? Ba su ci bashi ba, ba su tsaya wa kowa ba, ba su ma san an yi ba. Mutum ba ya kyauta da abin da bai mallaka ba. Allah Maɗaukaki ya ce a Suratul Ahzab, aya ta 58: "Kuma waɗanda ke cutar da muminai maza da muminai mata ba da wani abin da suka aikata ba, haƙiƙa sun ɗauki ƙiren ƙarya da zunubi bayyananne." Kuma ya ce a Suratul An'am, aya ta 164, wani rai ba ya ɗaukar nauyin wani.

Akwai ranar da wani dattijo ya tare ni bayan sallar Asuba, hannunsa na rawa, ya miƙo mini wayarsa. Hoton ɗan ƙaninsa ne, an rubuta a ƙasa cewa ana nemansa ruwa a jallo. Dattijon bai iya karatun boko ba, jikansa ne ya karanta masa a gaban mutanen gida. Bai yi barci ba daren nan, yana zaton yaron fashi ya shiga. Da aka bincika, kuɗin da ake bin yaron ko tunkiya ba zai saya ba. Wanda ya tura wannan saƙo yana zaune a ofis, bai ga hannun da ke rawa ba. Ina so kai ka gan shi, domin irin saƙon da kake turawa ke nan.

Wannan ya kai mu ga asalin buɗe wayar ma tun kafin a tura komai. Allah ya ce a Suratul Hujurat, aya ta 12: "Kada ku yi leƙen asiri, kuma kada sashenku ya yi da sashe." Sahlu ɗan Sa'ad ya ba da labarin mutumin da ya leƙa ɗakin Annabi (SAW) ta wata kafa, alhali Annabi na riƙe da wani tsinke da yake sosa kansa da shi. Sai ya ce masa da na san kallona kake yi da na soke maka ido da shi, ai saboda ido aka shar'anta neman izini. Bukhari da Muslim ne suka ruwaito. Wayar mutum a yau ta fi ɗakinsa ɗaukar sirri: hotunan iyalinsa, saƙonninsa, wanda yake bi bashi da wanda ke binsa, likitan da yake gani. Hukuncin leƙe bai canza ba don kafar ta zama manhaja, kuma bai yi sauƙi ba don mai leƙen kamfani ne mai rajista. Ni a wurina ma ya fi muni, saboda maƙwabci mai leƙe gida ɗaya yake leƙawa, kamfani kuwa dubban gidaje a lokaci guda, kuma yana ajiye abin da ya gani.

Sai hadisin da abokin aikinka ya kawo. Hadisi ne tabbatacce, Abu Dawud da Nasa'i da Ibnu Majah sun ruwaito shi: jan ƙafar mai hali wurin biyan bashi yana halatta mutuncinsa da ukubarsa. Amma an ɗora shi a inda ba muhallinsa ba. Hadisin ya ce mai hali, wato wanda yake da abin biya ya ƙi. Wanda ba shi da shi kuwa, Allah ya yanke hukuncinsa a Suratul Baƙara, aya ta 280: "Idan ya kasance mai ƙuncin hannu, to a jinkirta masa zuwa lokacin sauƙi." Ku ba ku bambance wannan da wancan, wa'adi na cika kuke sakin saƙo. Kuma magabata irin su Sufyan sun fassara halatta mutuncin da cewa mai haƙƙi ya ce wane ya ja mini ƙafa, ukubar kuma ita ce tsarewa, wadda aikin alƙali ne. Babu malamin da ya fahimci cewa an ba mai bin bashi lasisin ya zama shi ne mai ƙara, shi ne alƙali, shi ne mai zartarwa, balle ya ƙara da ƙarya. Wanda ya ci bashi ya kasa biya sunansa mai bashi. Kiransa ɗan damfara ko ɓarawo ƙage ne.

Har yanzu ban taɓo babbar matsalar ba, wadda da ita kaɗai ta isa. Rancen nan na ruwa ne: a ba ka kaza, ka mayar da ƙari cikin mako ɗaya ko biyu, idan ka makara ƙarin ya hau. Riba ke nan. Muslim ya ruwaito daga Jabir cewa Annabi (SAW) ya la'anci mai cin riba da mai bayar da ita da mai rubuta ta da shaidunta biyu, ya ce duk ɗaya suke. Idan mai rubutu ya shiga ciki, mai karɓowa da tsoratarwa ya fi kusa da shiga.

Ka sani kuma, abin nan ko a dokar ƙasa laifi ne, kada a ruɗe ka da cewa kamfani ya san doka. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba da kariya ga sirrin 'yan ƙasa, gidajensu da wasiƙunsu da hirarsu ta waya. A watan Agustan 2021 hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, NITDA, ta ci kamfanin rance na Soko Lending tarar naira miliyan 10 a kan wannan ɗabi'a ta tura wa mutanen da ke wayar mai bashi saƙo. A watan Maris na 2022 hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasu masu irin wannan rance a Legas. Kamfanin Google ma daga ƙarshen watan Mayun 2023 ya hana manhajojin rance da ke rumbunsa na sauke manhajoji shiga lambobi da hotunan mutane, shi ya sa wasu suka koma tura wa mutane manhajar ta bayan fage. A watan Yunin 2023 aka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a, wadda ta kafa hukumar NDPC. Ita FCCPC ɗin nan, a watan Yulin 2024 ta ɗora wa Meta, mai Facebook da WhatsApp, tarar dala miliyan 220, kuma daga cikin dalilan har da yadda yake sarrafa bayanan 'yan Najeriya ba tare da ba su zaɓi ba. Irin waɗannan dokoki da ke kare mutuncin mutane sun dace da manufar shari'a, bin su wajibi ne a kan Musulmi. Abin da ke damuna shi ne tarar da ba ta kai ribar da aka samu ba, kamfani zai iya biya ya ci gaba. Shi ya sa ba na so ka rataya lamirinka a kan ko an kama su ko ba a kama su ba. Haramcin yana nan tun kafin a rubuta dokar.

Kada kuma ka ce ni yaron gida ne, umarni aka ba ni. Babu biyayya ga abin halitta a cikin saɓon Mahalicci. Kamfani suna ne a takarda, ba shi da yatsa. Yatsan da ke danna tura naka ne, muryar da tsohuwa ke ji a waya taka ce, kuma ranar hisabi mutum za a tsayar.

To yanzu me za ka yi? Kiran dangin mutane da tura saƙon ɓata suna, wannan ka daina shi daga yau, ko da zai jawo a sallame ka. Na ji batun mahaifiyarka, kuma ban raina shi ba, na san yadda neman aiki yake a ƙasar nan. Amma ƙa'ida ce a wurin malaman fiƙihu cewa lalura ba ta soke haƙƙin wani. An yarje wa mai tsananin yunwa ya ci mushe, ba a yarje masa ya ci naman ɗan'uwansa ba. Shi kansa aikin kamfanin ka bar shi, ka shiga neman wani da gaske. Wanda ya iya kwamfuta, ya iya magana da mutane ta waya, ya iya bin lissafi, yana da abin da 'yan kasuwa ke nema. Ka faɗa wa mahaifiyarka gaskiyar abin da ake sa ka, ka nemi addu'arta. Ban zaci za ta so a ci gaba da ciyar da ita da kukan wata uwar ba. Allah ya yi alkawari a Suratuɗ Ɗalaƙ cewa wanda ya ji tsoronsa zai sanya masa mafita, ya azurta shi ta inda ba ya zato.

Albashin da ka riga ka ci kafin hukuncin ya bayyana gare ka, ka yi tuba, ina fatan Allah ya yafe, bisa faɗinsa a aya ta 275 ta Baƙara cewa wanda wa'azi ya zo masa ya hanu, to abin da ya wuce nasa ne. Haƙƙin mutanen da aka ɓata wa suna ne ba ya faɗuwa da istigfari kaɗai. Waɗanda za ka iya tunawa kuma kana da hanyar halal ta isa gare su, ka nemi yafiyarsu, kuma ka gyara ƙaryar a inda ka yi ta: wanda ka ce wa wane ɗan damfara ne, ka ce masa ba haka ba ne, bashi ne ya yi masa nauyi. Waɗanda ba za ka iya kaiwa gare su ba, ka yawaita yi musu addu'a. Kada ka kwafi lambar kowa ka fita da ita daga kamfanin da sunan neman yafiya ko wani abu, amana ce a wuyanka har bayan ka bar aikin.

Idan ka kai ƙorafi ga FCCPC ko NDPC a kan abin da idonka ya gani, wannan ba giba ba ce kuma ba cin amanar kamfani ba ne, hana zalunci ne ta hannun mai iko. Ka faɗi abin da ka sani kawai, ba ƙari.

Masu karanta wannan amsa da bashin irin wannan manhaja ke kansu, uwar kuɗin da kuka karɓa wajibi ne ku biya, zaluncin kamfani bai halatta muku cinye ta ba. Ƙarin ruwan ba haƙƙinsu ba ne a shari'a. Wanda zai iya kuɓuta daga biyansa ta hanyar hukuma ba tare da cutuwa ba ya yi, wanda aka tilasta wa ya biya ya tuba daga shiga tun farko. Kuma kafin ɗayanmu ya ba wata manhaja izinin shiga lambobin wayarsa, ya tsaya ya duba ko aikinta na buƙatar hakan, domin sunayen mutane ne zai miƙa ba da saninsu ba.

Allah ne mafi sani.