Ba sanyin ne ya fi cin rai ba

Malam, ka tambaya ko sanyi ne ya fi wahalar da ma'aikatan tashar bincike ta Amundsen-Scott da ke tsakiyar Antaktika, nahiyar ƙanƙara da ke ƙarshen kudancin duniya. Sanyi kam akwai shi, yakan wuce digiri 70 ƙasa da sifiri, amma cikin ginin da ɗumi. A ganina duhun ya fi cin rai: rana ta faɗi a watan Maris, ba ta sake leƙowa sai Satumba. Jirgin sama ma yakan daina zuwa daga Fabrairu har Oktoba. Ruwa kuwa ƙanƙara ake narkarwa, shi ya sa wanka sau biyu ne a mako, minti biyu kacal. Kana cikin kumfa lokaci ya cika. Ga mutum 40 da 'yan kai, su ɗin dai kullum a wurin cin abinci, har tarin kowa ka haddace.