Amsa: Kai intanet ɗaki ta wayar lantarki

Ɗan'uwa, ka ce Wi-Fi ba ya ratsa bangon siminti a gidan hayar da kake a Yamai, kana tambaya ko za ka iya kai intanet ɗaki ta wayar lantarki, kuma ko maƙwabta za su iya shiga.

Za ka iya. Masu shago a nan suna kiran na'urar CPL, biyu ake saye: ɗaya a jona kusa da akwatin intanet, ɗaya a ɗakin. Wutarmu tana tafiya a kan 50 Hz, ita kuwa na'urar tana ɗora saƙo can sama, daga 2 MHz (wato Hz miliyan biyu), don haka ba sa karo. Amma ka soka ta a bango kai tsaye. Ni da na jona tawa a bayan na'urar daidaita wuta, fitilarta ja ta yi ta nunawa, ko hoto ba ya buɗewa.

Zancen tsaro shi ya fi damuna. In mita ɗaya kuke sha da maƙwabta, saƙonka yana iya kaiwa bangonsu. HomePlug AV, tsarin da na'urorin CPL da yawa suke aiki da shi, yana rufe bayanai da makullin sirri na AES mai bit 128, sai dai na'urori da yawa makulli iri ɗaya suke fitowa da shi daga kamfani. Ka danna maɓallin haɗawa a kan duka biyun, su ƙirƙiri nasu.

Wi-Fi ɗin kuma, don Allah rabu da WEP, tsohon tsarin kulle Wi-Fi, an daɗe da fasa shi. Sa WPA2 ko WPA3 a madadinsa, ka kashe WPS (hanyar shiga Wi-Fi da danna maɓalli ko lambar PIN), tun 2011 aka gano rauninsa. Kalmar sirri kada ta zama lambar wayarka, duk yaran unguwa sun san ta.