Zan shiga gudun sadaka na kilomita 10 a Birnin Kebbi, ta ina zan fara?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Koci, fatan an tashi lafiya. Matasan shiyyarmu ne sunka shirya gudun kilomita 10 cikin garin nan a watan Afrilu don tara ma marayu kuɗin makaranta, ni ma na yanki fom. Shekarata 34, aikin ofis nike, ban taɓa tsere ba sai dai ƙwallo da muke bugawa ran Asabar, kuma gaskiya akwai ɗan tumbi. Saura sati 6. Zan iya kuwa? Mi zan ci, wane takalmi zan sa? Sannan wani abokina ya ce in sha maganin ƙarfi da safen ranar. Daga wani mai karatu, Badariya.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya saka maku da alheri da wannan aiki. Za ka iya, sati 6 ya isa mutum mai lafiya ya kai ƙarshen kilomita 10, in dai ya yarda zai haɗa gudu da tafiya kuma bai sa ma ransa sai ya zo na ɗaya ba. Amma abin da ya fi damuna a tambayarka ba nisan ba ne, watan ne. Afrilu a Birnin Kebbi zafi na wuce digiri 40 da rana, kai ma ka sani, ƙarfe 9 na safe kwalta ta fara turiri. Wanda ya faɗi a irin wannan tsere galibi ba kilomitocin ne suka kayar da shi ba, zafi ne da saurin da ya ɗauka tun farko.

Kafin komai ka je a auna maka hawan jini da suga, ba wani tsada gare shi ba. In kana jin ciwon ƙirji ko jiri in ka yi aiki mai nauyi, ko akwai wanda ya taɓa faɗuwa ya rasu farat ɗaya yana matashi a danginku, to likita za ka fara gani ba ni ba. Sannan ka san rukunin jininka na sikila, wato AA ne kai ko AS ko SS. A Najeriya kusan mutum 1 cikin 4 AS ne, kuma da yawa ba su ma sani ba sai an zo maganar aure. Mai AS yana gudu lafiya lau, akwai manyan 'yan wasa masu shi, sai dai in ya takura ma jikinsa da ƙarfi cikin zafi ga ƙishirwa, jinin na iya rikicewa, ƙafafu su saki ya zube. Shi ya kamata ya fi kowa bi a hankali ya tsaya da zarar ya ji jikinsa ya mutu. Mai SS kuwa kar ya shiga sai da izinin likitansa.

Tiranin ɗin sau 3 a sati ya isa, da kwana ɗaya na hutu a tsakani. Sati biyun farko ka yi gudu minti 2 tafiya minti 1, ka yi ta maimaitawa har minti 25 ko 30. Na san za ka ga kamar wasa ne tunda kana buga ƙwallo, to ƙwallo daban take, can ka zabura ka tsaya ka huta, nan kuwa ƙwauri da gwiwa da agara suna shan dukan kwalta ba tsayawa, kuma su ba sa saurin sabawa kamar yadda numfashi ke sabawa. Shi ya sa za ka ga mutum a sati na biyu numfashinsa ya gyaru ya ji daɗi ya ninka nisa, sati na uku kuma yana ɗingishi. Daga sati na 3 ka mai da shi gudu minti 5 tafiya minti 1, kuma ka ware rana ɗaya a sati ta doguwar fita: kilomita 5, sati mai zuwa 6 ko 7, sati na 5 ka taɓa 8. Ba dole sai ka yi 10 ɗin kafin ranar ba, wanda ya yi 8 bai galabaita ba zai yi 10. Satin ƙarshe ka rage sosai, fita biyu gajeru kawai, kwana biyu kafin tseren ka huta. Ƙwallon Asabar ma ka ajiye ta a sati biyun ƙarshe, targaɗe ɗaya ya ɓata komai.

Yadda za ka gane saurinka daidai ne, ka iya yin magana kana gudu. In abokin gudunka ya tambaye ka ya gida ka kasa amsawa sai haki, ka yi sauri da yawa, rage. Don auna nisa ka sa manhajar Strava a waya, ko ka nemi da'irar tsere ta filin wasa wadda zagaye ɗaya mita 400 ne, zagaye 25 ke nan kilomita 10. Sabon shiga irinka minti 7 zuwa 8 a kowace kilomita ba laifi, wato ka gama cikin awa 1 da minti 10 zuwa 20.

Lokacin fita kuma bayan Asuba ne kai tsaye. Amma a sati biyun ƙarshe ka riƙa jinkirtawa kaɗan ya zama kana gudu a daidai lokacin da za a yi tseren, don jiki yana ɗaukar kwana 10 zuwa 14 kafin ya saba da aiki cikin zafi, gumi ya riƙa zuwa da wuri, gishirin da ke fita ya ragu. Kar dai ka ce za ka fita da azahar wai don ka horu, wannan ganganci ne.

Takalmi: kambas na gudu mai taushin ƙasa, ko na gwanjo ne in dai ƙasansa bai cinye ba, ya zama akwai sarari kamar faɗin babban yatsa a gaba don ƙafa tana kumbura. Ka saye shi yanzu ka yi tiranin da shi. Kar ka sa sabo fil ranar tsere, haka ma but ɗin ƙwallo bai yi ba a kwalta. Safa kar ta zama mai riƙe gumi, riga mara nauyi mai haske, da hula. Ka shafa basilin a matsematsi da hammata da kan nono, abin kamar ba komai ba amma na sha ganin ƙato ya iso ƙarshe da jini a gaban riga saboda gogayya.

Abinci ba sai ka canza komai ba. Daren jajibiri ka ci tuwon shinkafarka ko taliya, ka rage yaji da mai da wake. Da safe awa 2 kafin a tashi ka sha koko ko kunu kofi ɗaya da ɗan burodi, ko ayaba da dabino. Fura da nono ka bari sai an gama, tana da nauyi a ciki. Ruwa kuma leda ɗaya ta fiya wata, rabin lita ke nan, awa 2 kafin tsere, a hanya kuma kurɓa kaɗan kaɗan in ka ji ƙishi, sauran ka zuba a kai da wuya. Kar ka yi ta ɗura ruwa fiye da kima don tsoro, shi ma yana tsinka gishirin jini ya jawo matsala. Bayan an gama ORS ya fi lemon kwalba amfani.

Maganar abokinka kuwa, don Allah kar ka sha. In tiramol yake nufi, ba ƙarfi yake ƙarawa ba, ciwo yake ɓoyewa, jiki na ce maka tsaya kai ba ka ji, ga shi yana kawo jiri har da farfaɗiya, kuma tun Janairun 2024 WADA, hukumar duniya mai yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni, ta haramta shi a gasa. In kuma irin su Ibuprofen ne ko Diclofenac da ake saye a kemis, haɗa su da zafi da ƙarancin ruwa yana taɓa ƙoda. Haka in ka tashi da zazzaɓi a satin, maleriya ce ko mura mai zafin jiki, ka haƙura da gudun, kuɗin fom ɗinka ya riga ya isa ga marayun, ka je ka raba ma mutane ruwa.

Ranar tsere ka tsaya can baya. Ana busa usur za ka ga yara sun fita da gudu kamar an kora awaki, ka ƙyale su, yawancinsu za ka tarar da su a kilomita ta 3 riƙe da ƙugu. Kilomita 2 na farko ka yi su a hankali fiye da yadda ranka ke so, kuma ka ci gaba da tsarin gudu da tafiyar da ka saba tun kafin gajiya ta tilasta maka. In ka kai 7 da sauran ƙarfi to sai ka ƙara.

Akwai alamar da nake so kai da duk masu shirin ku sani. In ka ga mai gudu yana tangaɗi, yana magana ba kan gado, ko ya hau faɗa da mutane ba dalili, ko bai san inda yake ba, zafi ne ya hau masa kai, ko da kuwa yana ta gumi. Wannan yana kisa cikin ɗan lokaci. A kai shi inuwa nan take, a cire kayan da suka matse shi, a yi ta kwara masa ruwan sanyi ana fifita, ƙanƙara a wuya da hammata da matsematsi, in akwai babban baho a tsoma shi ciki kansa a waje. A fara sanyaya shi tun a wurin sannan a wuce asibiti, kuma kar a ɗura masa ruwa a baki in ba ya cikin hayyacinsa.

Tunda 'yan shiyyarku ne suka shirya, kana da bakin magana, ka same su tun yanzu. A tashi kafin ƙarfe 7, kar a tsaya jiran babban baƙo ya zo ya yi jawabi har rana ta take, wannan ɗabi'ar tana ba ni haushi matuƙa don masu gudu ne ke biyan kuɗinta da jikinsu. Manyan tsere irin na Legas da aka fara a 2016 da na Okpekpe a jihar Edo, shi ma kilomita 10 ne tun 2013, duk da safe ake tashinsu. A sa teburin ruwa duk bayan kilomita 2 da rabi zuwa 3, a rubuta ma 'yan sanda da hukumar kiyaye haɗurra takarda da wuri su tare mahaɗar hanyoyi, don 'yan kabu-kabu da masu Keke Napep ba za su tsaya don sun ga riga mai lamba ba. A samu ma'aikatan lafiya ko 'yan Red Cross, da mota ɗaya da za ta bi bayan mutum na ƙarshe.

Sai kuɗin. Ka tambaya nawa za a kashe a riguna da kanofi da lasifika, nawa zai isa makarantar yaran, kuma a faɗa ma jama'a lissafin bayan an gama, tambayar ba rashin yarda ba ce, ita ke sa baɗi mutane su sake bayarwa. Kai ma kana iya ƙarawa da naka: ka nemi mutum 20 a ofis da dangi kowa ya yi alƙawarin naira 500 kan kowace kilomita da ka gama, 100,000 ke nan in ka kai ƙarshe, a tura kai tsaye asusun da aka ware ba ta hannunka ba. Hoto kuma ku ɗauki na masu gudu, yaran a bar su da mutuncinsu, ba sai an jera su a gaban kyamara ba.

In ka yi sati 2 kana tiranin ka sake rubuto min yadda ƙwauri da gwiwa suke, da sakamakon awon jinin, sai mu ga ko za a ƙara nisan ko a dakata.