Amsoshin tambayoyin manoma: ɗaukewar ruwa, rumbu da lafiyar yara

Tambayoyin wannan karon sun fito ne daga ƙauyukan da ke kewaye da Zariya, kuma kusan duk kuka ɗaya suke yi: ruwa na ɗaukewa bayan shuka, hatsi na ƙarewa kafin kaka, yara na ramewa.

Wani manomi daga Giwa ya ce: "Bara na shuka masara da ruwan farko, sai ruwa ya ɗauke wajen mako uku. Na sake shuka, abin da na samu bai kai rabin na kullum ba. Bana yaya zan yi?"

Malam, Allah ya mayar da alheri. Ƙasar Zazzau tana samun ruwan da ya kai kimanin milimita 1,000 a shekara, daga Mayu zuwa Oktoba, kuma wannan ya ishi masara. Abin da ke cutar da mu shi ne yadda ruwan ke rarrabuwa. Saboda haka kada ruwan farko ya ruɗe ka. Ka jira a yi ruwa mai ƙarfi biyu ko uku a jere, ka tona ƙasa da hannu, in ka tarar laima ta kai zurfin tafin hannunka har wuyan hannu, sannan ka fito da iri. Hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, ka nemi malamin gona na yankinku ya gaya maka abin da aka faɗa game da ƙaramar hukumarku.

Sai batun iri. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda ke nan bakin ƙofarmu, ta fitar da masara mai saurin nuna da jure fari, irin su SAMMAZ 27, wadda kuma ke jure wuta-wuta. Masarar da ke nuna cikin wata uku ta fi tsira daga ɗaukewar ruwan ƙarshen damina a kan wadda ke cin wata huɗu. Amma ka saya a wurin da aka sani, domin jabun iri ya yi yawa a kasuwa.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne kada ka cika gonarka da masara zalla. Tun da masara ta zama abin kuɗi muka yi watsi da dawa da gero, alhali su ne ke tsayawa in ruwa ya yi gardama. Masara in fari ya same ta lokacin da take fure tana shirin goyo, shi ke nan, ko ruwa ya dawo ba ta farfaɗowa yadda ya kamata. Dawa kuwa sai ta naɗe ganye ta jira. Ka ware aƙalla kashi ɗaya cikin uku na gonar ga dawa, ka yi giccin wake ko gyaɗa kamar yadda iyayenmu ke yi. Bayan huɗa, ka ɗaure kwarin kunya da ƙasa duk bayan taku biyu ko uku don ruwa ya tsaya ya shiga ƙasa, in marka ta zauna a watan Agusta sai ka fasa ɗaurin. Kuma kada ka zuba takin yuriya a busasshiyar ƙasa. Ka jira laima, ka tona ka binne.

Wani daga Soba ya ce: "Da kaka nakan sayar da yawancin hatsina in biya bashin taki. Kafin watan Yuli sai in koma awo da tsada. Ina mafita?"

Wannan tambayar ta fi ta farko nauyi a wurina. A 2004 fari da fara sun taɓa amfanin gona a Nijar, a 2005 aka shiga matsananciyar yunwa. Wurin da yara suka fi galabaita shi ne jihar Maraɗi, wadda ake ɗauka rumbun ƙasar. Hatsi bai ɓace daga kasuwa ba, farashinsa ne ya fi ƙarfin talakan da ya riga ya sayar da nasa da kaka. A shekarar kaɗai ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tsananin tamowa a Nijar. Manomin da ya sayar da araha a Nuwamba ya saya da tsada a Yuli yana kan wannan hanyar, ko da damina ta yi kyau.

Kafin buhu ɗaya ya fita daga gidanka, ka zauna da maiɗakinka ku yi lissafi, domin ita ta san tiya nawa ake ci a rana. In tiya biyu ce, a wata ka ci tiya 60, wato buhu ɗaya da rabi in ana lissafin tiya 40 a buhu. Ka ninka har zuwa sabon hatsi, ka fitar da zakka, ka ware iri. Abin da ya rage shi ne na kasuwa. Bashin taki kuwa, ka ɗora shi a kan waken soya, barkono, ko tumakin da ka turke, ko noman rani in kana da fadama a bakin kogin Galma. Kuma ka ci bashi daidai gonar da za ka iya kula da ita.

Ajiya ma tana cin hatsi. Ka tabbatar ya bushe: ka sami kwalba busasshiya, ka zuba hatsi da busasshen gishiri, ka rufe ka girgiza, ka bar ta ɗan lokaci. In gishirin ya manne a jikin kwalba, da sauran laima, a mayar shanya. In ya bushe, ka zuba a buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhu a waje, ka matse iska ka ɗaure kowane ɗaya daban. Ƙwari sukan mutu don rashin iska, ba sai an sa magani ba. Ina roƙonka kada ka yayyafa fiya-fiya a wake ko hatsin da iyali za su ci, kuma ƙwayar maganin rumbu ba a sa ta a ɗakin da ake kwana.

Wata uwa daga Hunƙuyi ta ce: "Yarona shekara ɗaya da rabi. Tun da na yaye shi yake zawo, gashinsa ya yi ja, yanzu ƙafafunsa sun kumbura. Ana ce mini wai don na samu ciki kafin yaye ne."

'Yar'uwa, ki kai shi asibiti yau, kada ki jira ranar kasuwa. Ki danna bayan ƙafafunsa biyu da babban yatsa ki ƙirga uku. In kin ɗaga wurin ya lotsa bai taso ba, wannan kumburin tamowa ce mai tsanani, ba ƙiba ba ce, kuma ba a maganinta a gida. Nonon mai ciki ba ya cutar da yaro. Abin da ya same shi shi ne an cire shi daga nono an bar shi da koko tsararo, ga zawo yana tsotse shi. A asibiti za a auna damtsensa da wani ɗan tef mai launi: ƙasa da santimita 11.5 ja ne, wato tamowa mai tsanani, tsakanin 11.5 da 12.5 rawaya, wato matsakaiciya. Za su duba ko sai an kwantar da shi, ko kuma su ba ki abincin nan na leda mai gyaɗa da madara. In an ba ki, nasa ne shi kaɗai, magani ne, kada a raba wa yayyensa, kada a sayar.

Maigida, da kai nake yanzu. Maganin hana wannan yana gonarka. Waken soya da gyaɗar da kake kai wa kasuwa gaba ɗaya, ka bar wa gida nasu. A auna gero ko dawa gwangwani 6, waken soya 3, gyaɗa 1, a soya kowanne daban, a cire ɓawon waken, a niƙa tare. Wannan shi ne garin kunun da ake kira Tom Brown. A dama shi da kauri yadda ba zai zube daga cokali ba, a ɗiga man ja ko man gyaɗa, a ba yaro sau uku ko huɗu a rana a kwanonsa shi kaɗai, domin in an haɗa shi da manya a akushi ɗaya kafin ya kai loma biyu sun cinye. Ƙwan kajin gida, awara, garin zogale a miya, duk suna taimakawa. Ka nemi irin dankalin Hausa mai jan ciki, yana da sinadarin bitamin A sosai, ka yi masa ko kunya biyar ce a bayan gida. Jariri kuma nono zalla har wata shida, a ci gaba da shayarwa tare da abinci har shekara biyu.

Wani daga Makarfi ya ce: "Gyaɗata ta sha fari, wasu sun yamutse, wasu sun yi fumfuna. Zan iya barin su don ƙuli-ƙuli da kunun yara?"

A'a, Malam. Gyaɗa da masarar da suka sha fari sun fi kamuwa da fumfuna mai haifar da gubar afulatoksin, wadda ke lalata hanta, ana kuma danganta ta da tsumburewar yara. Suya da dafuwa ba sa kashe ta. A baza a faifai a tsince masu baƙi, masu kore da waɗanda suka yamutse, a binne su, kada a ba kaji ko shanun tatsa domin gubar takan fito har a madarar shanun. Mai kyan ita ce ta yara. Baɗi ka yi shanya a kan tamfol maimakon ƙasa, kuma ka tambayi malamin gona game da Aflasafe, maganin rage wannan gubar tun daga gona, wanda ake watsa kilo 10 a hekta mako biyu zuwa uku kafin amfani ya yi fure.