Jefa Kwabo a Ƙwallon Jami'o'in Amurka: Me Ya Sa Wanda Ya Ci Yake Barin Ƙwallo?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne a unguwar Gyaɗi-Gyaɗi da ke Kano, kuma kwanan nan na fara kallon ƙwallon Amurka ta jami'o'i, wadda ake runguma a hannu a ruga da ita. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, sau da yawa ƙungiyar da ta ci canken kwabo ita ce take buga wa abokiyar karawarta ƙwallo, maimakon ta fara riƙewa. Shin karamci ne, ko akwai wata dabara a ciki?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Babu karamci a ciki ko kaɗan, lissafi ne tsagwaronsa. A ƙwallon ƙafar da muka saba gani idan Kano Pillars na wasa a filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, wanda ya fara taɓa ƙwallo bai ci wata riba ba, domin cikin daƙiƙu kaɗan za a iya ƙwace ta. A wasan Amurka kuwa, ƙungiya tana da dama huɗu ta ci yadi 10, idan ta ci a sake ba ta wasu huɗun, don haka tana iya riƙe ƙwallo na mintuna da yawa, kuma kowane riƙo dukiya ne.

Kafin a fara, kyaftin ɗin baƙi ne yake cankar fuskar kwabon da alƙalin wasa zai jefa. Wanda ya ci yana iya zaɓar ya karɓi ƙwallo ko ya buga ta, ko ya zaɓi ɓangaren filin da zai tsare, ko kuma ya ajiye zaɓinsa sai bayan hutun rabin lokaci. Wannan na ƙarshe shi ne abin da kake gani. Idan ya ajiye, abokan karawa sukan karɓi ƙwallon farko, shi kuma ya karɓa bayan an dawo daga hutu. Masu horarwa suna son haka ne saboda idan suka yi sa'a suka ci maki dab da tafiya hutu, suna dawowa ƙwallo tana hannunsu, sai su sake ci ba tare da ɗaya ɓangaren ya taɓa ta a tsakani ba. Ga shi kuma a lokacin sun riga sun ga salon abokan karawarsu, sun yi gyara a ɗakin canza kaya. Jami'o'i sun daɗe da wannan doka, ita kuwa gasar ƙwararru ta NFL sai a 2008 ta ɗauke ta.

Amma a lura, ajiye zaɓi daban, cewa za mu buga daban. Wanda ya ce zai buga ya riga ya kashe zaɓinsa, bayan hutu kuma abokin karawarsa ne zai zaɓa, ya sake karɓar ƙwallo. A 2014 jami'ar UCLA ta ci canke ta ajiye zaɓinta, sai ƙungiyar jami'ar Texas ta zaɓi bugawa, aka wayi gari UCLA ta karɓi ƙwallo a farkon wasa da kuma bayan hutu, ta kuma yi nasara da maki 20 da 17.

Iska ma tana shiga lissafi. Wasan zango huɗu ne na minti 15 kowanne, ana kuma sauya ɓangare bayan zango na ɗaya da na uku, saboda haka ranar da iska ke kaɗawa kamar ta tsakiyar hunturu, mai horarwa yakan so ta kasance a bayansa a zangon ƙarshe.

Inda canken ya fi nauyi, a ganina, shi ne ƙarin lokaci, wanda manyan jami'o'i suka fara amfani da shi a 1996 don raba kunnen doki. Ana ajiye ƙwallo yadi 25 daga gidan abokan karawa, kowace ƙungiya ta gwada sa'arta bi da bi. Yawancin waɗanda suka ci canke sukan zaɓi tsaron gida da farko, domin hakan zai sa su riƙe ƙwallo na biyu, na biyu kuwa yana shiga ne ya san farashi, kamar mai ciniki a Kantin Kwari da ya tsaya ya ji tayin na gabansa. Idan na farko bai ci komai ba, bugun tsakanin sanduna mai maki 3 ya wadatar. Idan kuwa ya kai ƙwallo gidan abokan karawa ya ci maki 6 da ƙarin 1, to na biyu ya san bugun ba zai fishshe shi ba, dole ya yi amfani da duk damarsa huɗu. Tun daga 2021, idan aka kai zagaye na uku, sai a koma gwajin maki 2 kawai, wato dama ɗaya ta kai ƙwallo gidan abokan karawa daga kusa, ɗaya bayan ɗaya, kuma a wannan shekarar ce jami'ar Illinois ta doke ta Penn State da maki 20 da 18 bayan zagaye tara.