Malamin da ya ja mini asarar littafin awaki

Tambayarka ita ce yadda za a tsara wa 'yan shekarar farko a jami'a aikin bincike a laburare. Zauna, ɗana, ka taɓo mini tsohon miki.

Akwai wani mushe, wato malami, ba zan kama sunansa ba, yana nan cikin Maradi yana yawo da mota. Ya ba ajinsa kaf tambaya guda a kan jar akuyar Maradi, wai a kawo ranar Litinin. Bai leƙo ya tambaye ni, ni mai kula da laburare, abin da ke kan kanta ba. Littafi ɗaya tak ke gare mu a kan kiwon awaki, na Faransanci, ni na yi ta roƙo har aka sayo shi. Yara suka yi mini dafifi. Wanda ya fara samunsa ya kai shi cikin littattafan tarihi ya ɓoye. Da aka gano shi, wani ya sa reza ya yanke babin da ke maganar fata, tsaf. Ranar ƙidaya aka ce ai mabuɗi hannuna yake, aka zabtare kuɗin daga albashina. Na sami malamin, ya ce shi koyarwa aka ɗauke shi, ba gadin takarda ba. Ko sannu! Har yau in mun haɗu wajen jana'iza, hannu kawai nake ba shi.

To, duk malamin da zai ba da aiki, tambayar ta fara biyowa teburinka. Kiwo ne? Tafi lamba 636, inda ake jera littattafan kiwo, ka ƙirga da idonka. In kwafi ɗaya ne, a karanta shi gabanka, ba ya fita. Sannan a raba: wasu fata, wasu nono, wasu cututtuka, wasu su je Tarna wajen ma'aikatan INRAN, cibiyar binciken noma ta ƙasa, su yi tambaya. Yaron da ya ci BAC jiya, wato jarrabawar kammala sakandare, kada a ce masa shafi goma. Makon farko ya kawo madogara biyu, da sunan marubuci da shekara da shafi. Mako na biyu ya faɗi inda suka saɓa.



Yaran yanzu, har da kai, waya ce malaminku. Su kwafo daga Google, ko karantawa ba su yi ba. In ɗalibi ya rubuta shafi na 40, miƙa masa littafin, ka ce ya buɗe.