Ku Tambayi Malam: Wasan da Aka Riga Aka San Ƙarshensa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a aji biyu na babbar sakandare a Zariya. A darasin adabi malamarmu ta kawo mana wasan Sarki Odifus na Sofokilis, marubucin tsohuwar Girka, amma tun ranar farko ta faɗa mana ƙarshensa, wai shi ne ya kashe ubansa ya auri uwarsa bai sani ba. Tun daga nan karatun ya fita raina. Malam, ba ta ɓata mana labarin ba kuwa? Kuma ina amfanin wasan da ba ya ƙarewa sai da kuka?

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yata. Malamar nan taku ta san aikinta, ki riƙe ta hannu bibbiyu.

Mutanen birnin Atina na ƙasar Girka da suka fara kallon wasan nan, wajen shekara ta 429 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), tun suna yara suka san labarin Odifus, kamar yadda kika san Gizo zai sha kunya amma kike sake zama a yi miki tatsuniyar. Duk da haka suka cika filin wasan da ke gindin tsaunin Akrofolis. Abin da ya zaunar da su shi ne ganin mutum yana tona ramin da su sun san shi zai faɗa.

Koma farkon wasan yanzu da sanin da malama ta ba ki. Annoba ta afka wa birnin Tebes, inda Odifus yake sarauta, aka ce ba za ta ɗauke ba sai an gano wanda ya kashe tsohon sarki Layus. Odifus ya miƙe gaban jama'a ya tsine wa mai laifin, har ya yi alkawarin bin kadin jinin Layus kamar na mahaifinsa. Wanda bai san ƙarshen ba zai ce sarki ne mai kishin talakawansa, ya wuce. Ke kuwa da kika san Layus ɗin shi ne mahaifinsa, tsikar jikinki ce za ta tashi. Kusan kowace magana a wasan baki biyu gare ta, kuma baki na biyun ne malamarku ta buɗe muku.

Sannan ki lura da masu neman ya bar binciken. Makahon boka Tiresiyas ya ƙi magana sai da aka zage shi. Jokasta, matar Odifus kuma mahaifiyarsa, da ta riga shi gane gaskiya, ta roƙe shi ya tsaya, shi kuma ya zaci kunya take ji kada a gano shi ɗan bayi ne. Tsohon makiyayin da ya san asalin Odifus ma sai da aka yi masa barazanar azaba ya buɗe baki. Ƙofa a buɗe take ga Odifus ya yi shiru ya ci sarautarsa, ya ƙi. Wannan naci da kaifin basira su suka ba shi gadon sarauta tun farko, ranar da ya warware kacici-kacicin dodon da ya addabi garin, kuma su suka sauke shi. Ga zafin zuciya, wanda ya sa ya kashe dattijo Layus a mararraba kan wa zai kauce wa wani. Ni a nan nake ganin gwanintar Sofokilis, ko da yake an ruwaito cewa alƙalan gasar wasan kwaikwayo ta wancan lokaci na biyu suka ba shi. Allah Sarki.

Batun kuka kuma, masanin falsafar Girka Aristotil ya yi bayaninsa kimanin shekara ɗari bayan wasan. A ganinsa irin wannan wasa yana tayar da tausayi da tsoro ne don zuciya ta wanku, kuma ba zai ci ba sai gwarzon ya kasance ba waliyyi ba, ba kuma mugu ba. Faɗuwar mugu ba ta ba kowa tausayi.

Shawarata: kada ki karanta shi a zuci. Lokacin da nake koyarwa raba wa ɗalibai rawa nake yi, mai karanta Tiresiyas a ɗaure masa ido da ɗankwali, sauran aji su zama dattawan gari masu amshi. Yaran benci na baya ma farkawa suke yi. In kun gama, ki nemi The Gods Are Not to Blame na Ola Rotimi, wanda aka fara nunawa a Ife a 1968, ana tsakiyar yaƙin basasa. Ya mai da labarin ƙasar Yarabawa, kuma Odewale nasa a rikicin gona ya kashe ubansa bayan an yi wa ƙabilarsa gori. Ki tambayi malamarku dalilin wannan canji.

TAMBAYA: Malam, ni uba ne a Gusau. Na ga littafin ɗana cike da allolin Girkawa da bokaye. Ya dace a koya wa yaranmu wannan?

AMSA: Alhaji, damuwarka ta uba ce, kuma ka kyauta da kake duba jakarsa. Sai dai karanta abin da wasu mutane suka yi imani da shi daban, yarda da shi daban. Magabata ma ba su guje shi ba: a Bagadaza aka juya littafin Aristotil kan waƙa da wasan kwaikwayo zuwa Larabci a ƙarni na 10, Ibn Rushd kuma ya yi masa sharhi a ƙarni na 12. Ka sa yaron ya ba ka labarin da bakinsa bayan sallar isha'i, ka tambaye shi ina laifin Odifus, ina kuma abin da ya fi ƙarfinsa. Idan amsarsa ta karkace, ga ka a kusa ka gyara masa.